Muryar Matar Majigi

A Kebbe na girma, a hannun kakata Inno. Lokacin sanyi, in an ci tuwo, sai mu kewaye murhu tana gasa mana gyaɗa cikin toka. Tatsuniyoyinta ba su da yawa, da sun ƙare sai ta koma labarin majigin da ta gani a Tambuwal tana budurwa. Mun ji shi har mun gaji, ita ko a jikinta.

Wai akwai wata kyakkyawa a majigin, ba a jin maganarta, don a lokacin hoto kawai ake haskawa jikin farin ƙyalle. Da ido take son saurayinta, da ido take fushi da shi. Kowace mace a filin sai ta sa mata maganar da ta ga dama a baki.

"Ni ka cewa waƙa taka yi mishi," in ji Inno, "ƙawata na cewa zagi na."

Wata shekara majigi ya dawo da sauti. Matar ta buɗe baki za ta gaya wa saurayin tana son sa, sai ga murya siririya kamar ta zabuwa. Fili ya ɗauki dariya. Daga nan ba a sake kawo ta ba.

Na taɓa tambaya, "Inno, ina ta tafi?"

"Gida mana, ɗiyata. Ina mutum ka zuwa in anka yi ma muryatai dariya?"

Mu ma dariyar muke yi. Ban san labarin ba na dariya ba ne sai bara, da aka ba ni fitowa a fim bayan shekarun da na ɓata ina nema. Ni na fito a budurwar da ake so a labarin. Da aka gama ɗauka, mai shirya fim ɗin ya ce, "Fuskarki ta yi. Amma wannan Sakkwatancin naki zai sa mutane dariya a wurin kuka." Suka ɗora muryar wata 'yar Kano a kan bakina. Ban yi musu ba, na gaji.

Da fim ɗin ya fito na je gida. Inno ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi, kunne kawai ya rage mata. Ta matsa sai na kunna mata a waya. Ta kara ta a kunne, tana saurare, har fim ya kusa ƙarewa. Sannan ta lalubo hannuna.

"Har yanzu ban ji ki ba. Yaushe za ki hito?"

Na ce, "Saura kaɗan, Inno."