Rikodar da ta gagari Injiniya

Shekara ashirin da shida shagona yana manne da nasa. Ni tela ne, shi kuma mai gyaran rediyo da rikoda. Katangar katako ce kawai tsakaninmu, da wata ɓula a jikinta inda muke miƙa wa juna almakashi ko kofin shayi. Bai yi wani karatu ba, a aji huɗu ya tsaya, ni na ɗara shi da aji ɗaya kuma ban taɓa barinsa ya manta ba. Amma duk layinmu Injiniya ake kiransa, har matarsa in ya ɓata mata rai. Yau wata biyu ke nan da rasuwarsa, Allah ya jiƙansa. Autarsa ce ta ce in rubuta wani abu a kansa, sai na ga ba abin da ya fi kama da shi kamar zancen rikodar nan.

Abu ɗaya yake tinƙaho da shi a duniya: ba a taɓa kawo masa kaya ya mayar bai gyaru ba. Da zamani ya juya, mutane suka koma jin komai a waya, wani mai gyaran waya ya buɗe shago a tsallaken titi da fitilu kala-kala, aiki ya ja baya. Sunan nan shi ne ya rage masa, kuma ya riƙe shi da hannu biyu.

Wata Asabar da hantsi wani dattijo ya zo da rikoda a naɗe cikin tawul. Tsohon direban jirgin ƙasa ne, dogo, mai magana a hankali. Ya ce tana jan murya, zai dawo Asabar mai zuwa. Injiniya ko kallon kirki bai yi mata ba.

"Baba, da ka zauna ma, kafin ka gama shan ruwa na gama."

Dattijon ya ce yana sauri, ya tafi.

Gaskiyar Injiniya kuwa, robar da ke juya kaset ce ta saki. Minti goma ya canza ta. Amma yana da wata ƙa'ida: ba ya gwada rikoda sai da kaset ɗin mai ita, don a cewarsa da shi mutum zai yanke maka hukunci in ya koma gida. Akwai kaset a ciki, rubutun jikinsa duk ya goge. Ya danna.

Da farko lafiya lau. Fiyano ya fara wani kiɗa mai daɗi, ƙaho ya bi shi, har na rage taka keken ɗinki ina saurare. Can sai ƙahon ya saki hanya. Ya yi sama, ya yi ƙasa, ya yi ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa, ya yi shiru inda bai kamata ba. Mai ganga kuma kamar ana binsa da gudu. Sai na ga idon Injiniya a ɓular katanga.

"Tela, ka ji abin da na ji?"

"Na ji. Ba ka gama ba, mutumina."

Ya sake kwance ta. Ya goge bakin da ke karanta kaset da auduga, ya ɗiga mai, ya ɗaure. Ƙaho ya sake sakin hanya. Ya sa wani kaset nasa na waƙa, ta yi tsaf ba ko gargada. Maimakon hankalinsa ya kwanta sai ya ƙara tashi.

"Irin wannan ce munafuka," in ji shi. "A gaban baƙo ta nutsu, a gaban mai gida ta yi hauka."

Ran Litinin ya canza injin da ke juya ta. Ran Talata ya canza lasifika. Ran Laraba ya koma zargin kaset ɗin, ya kwance shi, ya zaro zaren tun daga farko har ƙarshe ya shanya a kan teburina na yanka, yana dubawa da gilashin ƙara girma, sannan ya naɗe shi da biro. Wata mata da ta zo karɓar rigarta ta tambaye ni ko sabon adon wuya ne.

Abin da ya fi ɗaure masa kai, ciwon ba ya canza wuri. Ya samu takarda yana rubutawa: nan ƙaho ke fara ɓacewa, nan fiyano ke tuntuɓe, nan kowa ke yin shiru a bar wani abu mai kaurin murya yana gunaguni shi kaɗai, nan kuma duk su dawo hayyacinsu. Ya ji kaset ɗin ya fi sau ɗari. Matarsa ta biyo shi shago da abincin rana don ya daina komawa gida, ta tsaya a bakin ƙofa ta saurara, ta ce, "Injiniya, in aljanu ne a ciki ka mayar wa mai su, muna da yara."

Mai gyaran waya kuma ya samu abin yi. Kullum sai ya ɗaga murya daga tsallake: "Ranka ya daɗe, har yanzu majinyaciyar ba ta farfaɗo ba? A kawo ta babban asibiti mana!"

Ran Alhamis na ji ana fito ta bayan katanga. Na kasa kunne. Ba kiɗan farko mai daɗin yake bi ba, ɓatan hanyar ƙahon yake bi, hawa da sauka, har da ƙarar kyanwar a daidai wurinta.

"Injiniya, me kake rerawa?"

"Ni? Ba komai."

"Ciwon kake rerawa."

"Kai ma ai tun jiya da shi kake taka keke, na yi shiru ne don kar in kunyata ka."

Na duba ƙafata. Wallahi gaskiya ya faɗa.

Ran Asabar Injiniya ya zo da wankakkiyar riga kamar mai zuwa kotu. Ya ce mini bai taɓa yi wa mai kaya ƙarya ba, ba kuma zai fara da tsoho ba. Da dattijon ya iso, na bar ɗinki na zagayo, don ban so ya faɗi wannan magana shi kaɗai. Mai waya ma ya tsallako, wai aron tsintsiya ya zo.

"Baba," in ji Injiniya, kansa a ƙasa, "na yi iyakar yina. Ta fi ƙarfina. Ji da kunnenka."

Ya danna. Dattijon ya zauna a benci ya lumshe ido. Da aka zo inda ƙaho ke ɓacewa, Injiniya ya runtse fuska kamar za a yi masa allura. Dattijon kuwa sai murmushi, yana kaɗa yatsa a gwiwa.

"Rabon da in ji ta da kyau haka tun tana sabuwa," in ji shi.

"Baba, ba ka ji ƙahon ba ne?"

"Shi nake ji, ɗana. Kiɗan jaz ke nan."

Ya yi mana bayani a hankali. Da farko makaɗan za su kafa kiɗan tare, kowa ya ji shi. Daga nan sai a ba kowa fili bi da bi, ya tafi yawonsa, ya ƙirƙiro nasa nan take, sauran suna riƙe masa hanya, a ƙarshe su haɗu inda suka rabu. In sun sake kaɗa shi gobe, ba haka zai fito ba.

Injiniya ya nuna rikodar da yatsa.

"Wato da gangan suke yi?"

"Da gangan."

"Manya da su? Da iyalinsu?"

"Wasu har da jikoki."

"Kwana bakwai ban ci abinci da daɗi ba saboda mutum yana yawonsa!"

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Sunansa ya tsira, a gaban mai waya kuma. Ba abin da ya rage sai ya miƙa kaya a yi sallama. Dattijon ya shimfiɗa tawul zai naɗe rikoda, sai Injiniya ya ɗora hannu a kanta.

"Tsaya tukuna, Baba. Ni fa har yanzu ina jin wani ɗan kuka a cikinta."

"Wane kuka?"

"Kai ba za ka ji ba, sai mai sana'a. Ba zan iya sakinta haka ba."

Dattijon ya dube shi, ya dubi takardar da ya cika da rubutu, ya gane. Gidansa ba kowa, 'ya'yansa duk sun yi nisa, kuma bai taɓa samun wanda ya ji kaset ɗin nan sau biyu da son ransa ba.

"To," in ji shi, "sai in riƙa zuwa duba ta duk Asabar. In zo da wani kaset a gwada?"

"Ka zo da biyu. Gwaji ba ya son ƙwauro."

Shekara shida rikodar nan tana kan kanta da takarda manne a jikinta: ana gyara. Mai waya ya baza wa duk layin cewa an samu abin da ya gagari Injiniya, mutane suna zuwa har shago su tsokane shi. Mutumin da a da zai iya faɗa da kai a kan wannan magana sai ya ce, "Ƙwarai kuwa, ta gagare ni. Matsa, ka tare mini lasifika." Ya koyi bambance masu busa da kunne, ya ba su sunaye nasa, akwai Sarkin Gardama, akwai Mai Mura. Yakan yi musu faɗa in sun daɗe ba su dawo ba. Da ciwo ya kwantar da shi, mai fiyano ɗaya kawai yake iya ji, wai shi ne ba ya gaggawa.

Bayan rasuwar na naɗe rikodar na kai wa dattijon har gida. Ya buɗe ƙofa, ya ga abin da ke hannuna. Sai ya tambaye ni ko shagona akwai wurin sa wuta. Na ce akwai ɗaya, na dutsen guga ne.

"To ran Asabar kar ka yi guga," in ji shi.

Har yanzu ban gane kan kiɗan nan sosai ba, kuma wani lokaci in ƙahon ya yi nisa sai in tashi in shiga bayan labule kamar ina neman zare. Dattijon ba ya tambayata. In na fito sai ya ce in juya kaset.