Sunan da Mama Ba Ta Kira

Wata Laraba ce cikin sanyin shekarar da na cika bakwai, ana yayyafi, aka ƙwanƙwasa ƙofar fulat ɗinmu da ke hawa na tara a unguwar Woolwich, can ƙasar Turawa. Mama na kicin tana dama kunu, ƙanena Sadiƙu goye a bayanta, ni kuma ina ƙarƙashin teburin cin abinci da na mayar ɗakina, na jera murafan kwalba ina koya musu karatu. Da na buɗe sai ga wata Baturiya doguwa mai furfura, riƙe da jaka cike da littattafan yara. Ta ce sunanta Jeni, daga shirin kansil, wato ƙaramar hukuma, na tallafa wa iyaye masu ƙananan yara aka turo ta. Na ga ludayi ya tsaya a hannun Mama. Matan Hausawan da muka sani sun sha faɗa cewa irin waɗannan masu jaka, in suka shigo gida suka rubuta abin da bai yi musu ba, ana iya raba uwa da ɗanta.

Baba karatu yake yi da safe, daga nan ya wuce aiki, don haka gidan namu ne mu uku. Mama ba ta jin Turanci, ni ce tafintarta a kasuwa da wurin likita. Ni ce kuma 'yar fari, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana nemana sai ta ce "ke", in tana ba Baba labarina sai ta ce "yarinyar nan". Sadiƙu kuwa kirari take yi masa, tana cilla shi sama yana ƙyalƙyala dariya. Duk Lahadi takan zaunar da ni tsakanin ƙafafunta ta yi mini kitso, tsokar nama mafi girma kuma a kwanona nake tsintar ta, amma ba ta kallona in tana sakawa. A bakin makaranta ina ganin uwaye suna rungume 'ya'yansu, tawa sai ta karɓi jakata ta yi gaba. Na ɗauka wani laifi na yi mata tun kafin in yi wayo, shi ya sa nake ninke kayan wanki da kai shara tun ba a sa ni ba, ko za ta huce.

A zuwanta na uku Jeni ta fito da takarda ta tambayi Mama sunan babbar 'yarta. Mama ta kawar da kai ta nuna ni da haɓa. Jeni ta dube ni ta ce in tambayi mahaifiyata dalilin da ya sa ba ta kiran sunana. Na fassara a hankali, don tambayar tawa ce tun tuni, sai ranar na samu bakin wani na yi ta. Mama ta ce, "Gaya mata kunya ce. A wurinmu ba a kiran sunan ɗan fari." Na rasa Turancin wannan kunya, na yi ta kame-kame, da ƙyar na ce wa Jeni al'adarmu ce ta hana. Biron Jeni na kan takarda, ni kuwa na riga na fara tunanin gidan da za a kai ni.

Sai ta rufe biron. Ta ce ta yi shekaru tana irin wannan aiki a Ostireliya, cikin 'yan asalin ƙasar, a ƙauyukan da sai an yi wuni a mota kafin a isa. Can ma akwai sunayen da ba a faɗa, da dangin da ba a haɗa ido da su don girmamawa. Tana sabuwar ma'aikaciya ta taɓa rubuta hakan a matsayin rashin kula, kuma har ranar abin na damunta. Tsofaffin matan wurin ne suka koya mata ta riƙa tambayar wa ya kamata ya yi wa yaro abin da uwa ba ta yi. Na fassara wannan ma. Mama ta zauna a hannun kujera ta soma lissafo su: Inna mahaifiyarta da za ta ɗauke ni tun daga yaye, Goggo Lami da za ta shagwaɓa ni, ƙannenta da za su yi ta tsokanata. "Da a gida ne, da sunanta ya ishi kowa a tsakar gida," in ji ta, hawaye na zuba. "Nan kuwa ni kaɗai ce, ni ɗin kuma bakina ba zai iya ba."

Jeni ba ta rubuta komai ba. Ta koya wa Mama zama da ni kan littafin hotuna, ni ina karanta Turancin, ita tana gaya mini sunan kowace dabba da Hausa, kafaɗata na taɓa tata. Bayan 'yan watanni shirin ya ƙare, Jeni ta daina zuwa. Na san yanzu ba fushi ake yi da ni ba, amma sanin bai kawo mini Inna ko Goggo ba, kuma Inna ta rasu kafin mu samu zuwa gida.

Yau na girma, ina unguwar Stratford da ɗana na fari, Mama na zaune tare da mu. Ni ina kiran sunansa ba kunya, ita kuwa ta fi ni. Tana goya shi, tana ce masa maigidanta, tana yi masa tsiyar bai kawo cefane ba, yana dariya har da shaƙuwa. Nakan tsaya a ƙofar kicin ina kallonsu, ina murna, ina kuma ɗan kishinsa. Har yanzu "ke" take ce mini. Ashe haka aka tanadar mini a can gida wurin Inna, ban dai je na karɓa ba.