"Da Sauƙi" da Na Ce wa 'Yar Anasara

Shekarun baya, tun muna zaune ƙauyenmu can arewa da Takanamat, kafin mu dawo Tawa, wasu baƙi suka fara zuwa mana duk damina. Ɗaliban likita ne. Wasu daga wata makarantar likitoci ta nan ƙasarmu, wasu kuma anasara, wato Turawa, daga wata makaranta ta ƙasarsu. An ce makarantun biyu ne suka ƙulla zumunci, suna turo yaransu su koyi aiki tare.

Mu dai mun riga mun saba da poroje, wato ayyukan taimakon nan da ake kawo wa ƙauyuka. Na rijiya ya zo, na awon yara ya zo, kowa da farar motarsa da takardunsa. Tambayoyin ma har mun haddace su: 'ya'yanki nawa, ina kike ɗibar ruwa, kina kwana cikin gidan sauro? Ka amsa, su rubuta, su tafi. Amma wannan porojen yana da abu guda da ya sa muka kula da shi. Duk yaron da ya yi masassara mai tsanani aka yi masa magani, sai su rubuta sunansa, su riƙa zuwa gida duk mako suna duba shi. In suka ga jiki bai yi daɗi ba, a ranar za su sa shi a mota har babban asibiti a Tawa. Wanda ya san hanyarmu da damina ya san abin da motar nan take nufi.

A wannan shekarar ɗiyata ta huɗu, tana da shekara uku, ta shiga cikin waɗanda aka rubuta.

Mutum biyu ne ke zuwa gidanmu. Wani dogon saurayi ɗan Maradi, da wata 'yar anasara ƙarama da rana ta ƙone wa fuska ta yi jawur. Tana da ɗan kaye, wato littafin rubutu, da take rubuta Hausa a ciki. In ta shigo sai ta jero gaisuwa kamar mai karatun allo, "Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara," ba ta jiran amsa. Matan gida su yi ta dariya, ita ma ta yi. Yarinya ce mai kirki, wannan ban taɓa shakka ba.

Takardar da suke cikawa tana da gida uku a ƙasa, da Faransanci, an fassara da Hausa: ya warke, da sauƙi, ya tsananta. Lokacin ina shekara ta biyu a ajin yaƙi da jahilci, kuma ina cikin zumuɗin karatu. Gwangwanin tumatir ma bai tsira ba, sai na karanta shi kafin in buɗe. Don haka na karanta gidajen nan uku tun zuwansu na farko, na kuma gane cewa gida na uku shi ne mota.

Mako na uku, yarinyar ta kwana biyu ba ta ci komai ba sai kurɓin kunu. Zafin jiki ya sauka, amma tafin hannunta ya yi fari kamar an wanke shi da toka. Ko kuka ta daina. Na kwana da niyyar in sun zo zan faɗa musu.

Sai 'yar anasara ta shigo ita kaɗai. An raba su ranar don su gama da wuri, ɗan Maradi ya tafi wani ƙauye. Hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, direba yana ta danna oda a ƙofar gida, don akwai ƙorama tsakaninmu da hanya, in ta kawo ruwa ba mai wucewa. Yarinyar tana goye a bayana, na lulluɓe ta, tana barci. Uwar mijina tana zaune bisa tabarma tana ɓarar gujiya.

"Uwargida, yaya jiki yarinya?" in ji 'yar anasara.

Na ce, "Da sauƙi."

Ta zura abin awon zafi ƙarƙashin hammatar yarinyar a hankali don kada ta tashe ta. Ta duba, ta yi murmushi.

"Da sauƙi?"

"Da sauƙi, Alhamdu lillahi."

Uwar mijina ta ƙara da cewa, "Jiki sai godiya, ɗiyata."

Ina kallo bik ɗin da take rubutu da shi ya sauka a gida na tsakiya. Na karanta shi sarai. Amma hankalina bai tashi ba, don a wurina ba a fara magana ba tukuna. Ku da kuke karanta wannan kun sani, yaya jiki gaisuwa ce. Sai mutum ya zauna, an ba shi ruwa ya sha, ya sake cewa, "To, yanzu me ke damun ta?" sannan ake buɗe ciki. Ɗan Maradi haka yake yi kullum, ba tare da ya ma san yana yi ba. Sai na shiga ɗaki in ɗebo mata ruwa.

Ina fitowa da kwano na hango ta a bakin zaure, jakarta a kafaɗa, tana ɗaga mini hannu.

"Sai wani mako, uwargida."

Da na ɗaga murya da ta ji. Taku goma ne tsakaninmu. Amma me zan ce? In bi baƙuwa da gudu in ce ƙarya na yi? In ce maganin da ta sha rana ta kawo bai yi komai ba? In faɗa da bakina, yarinya tana bayana, cewa ya tsananta? Ina cikin wannan lissafi mota ta tashi. Na tsaya da kwano a hannu har ɗigon farko ya faɗa cikinsa.

Da la'asar maigidana ya dawo daga gona a jiƙe. Ya dubi yarinyar, ya dube ni.

"Ba yau ne ranar masu mota ba?"

"Sun zo."

"Mi sunka ce?"

"Sun ce da sauƙi."

"Su sunka ce, ko ke kinka ce?"

Uwarsa ce ta amsa a madadina.

"To mi kake so ta ce? Ta kai ƙarar Allah gaban anasara?"

Maigidana ya fita ya je ya dubo ƙorama, ya dawo ya ce ko raƙumi ba ya ƙetarewa.

Kwana biyu ruwan nan bai janye ba. Ba zan ba ku labarin kwana biyun nan ba, duk uwa ta san irinsu. Rana ta uku da safe muka ƙetare da amalanken jaki, ruwa har gwiwar maigidana. Muka isa ƙaramin asibitin da muke zuwa. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya ja fatar idon yarinyar ƙasa da yatsa, ya duba, ko zama bai yi ba ya rubuta mana takardar Tawa. Muka samu motar 'yan kasuwa, na zauna bisa buhun gero da yarinya a cinya.

A Tawa aka ce jininta ya kusa ƙarewa. Aka auna na ubanta ya yi daidai, aka ɗiba aka sa mata. Na zauna ina kallon ledar jinin tana ɗiga, ina ƙirga ɗigon, in na ɓata in sake daga farko. Sai a rana ta huɗu ta buɗe ido sosai, ta ga matar gadon kusa da mu tana cin burodi, ta miƙa hannu. Matar ta gutsura mata. Ban taɓa jin daɗin ganin ɗiyata tana roƙo ba sai ranar.

Washegari sai ga ɗaliban nan su biyu. Sun je ƙauye ba su tarar da mu ba, majo ya faɗa musu. Ɗan Maradi ya durƙusa gefen gado ya gaishe ni. 'Yar anasara tana tsaye da takardar a hannu, idonta ya kumbura. Ta yi magana da Faransanci, ya fassara.

"Ta ce a tambaye ki, ko ita ce ba ta ji daidai ba?"

Na ce, "Daidai ta ji. Haka na ce."

"To uwargida, don mi? Kin san mota na ƙofar gida."

Na ce, "Likita, a tsaye ta tambaye ni, takalminta a ƙafa. Na ɗauka gaisuwa muke."

Ya shafa fuskarsa da hannu biyu, ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Kin san wa ya fassara takardar nan? Ni ne. Suka ba ni kalmar da Faransanci, na rubuta da sauƙi, ko tunani ban yi ba. Ni da tsohuwata ta ce mini da sauƙi ana saura awa biyu ta cika."

Ya juya ya yi wa 'yar anasara bayani mai tsawo. Ta dubi takardar, ta dube ni, sai ta sunkuya ta cire takalminta, ta zauna ƙasa bisa siminti. Matan ɗakin suka fashe da dariya. Ta ciro kayenta ta ce in koya mata yadda ake tambaya.

Ni da ba a taɓa tambayata komai ba sai yawan 'ya'ya da wurin ɗibar ruwa, sai ga ni ina ba likitoci karatu. Na ce ki gaisa tukuna, ki bar mace ta ce da sauƙi, wannan haƙƙinta ne. Ki zauna. In an ba ki ruwa ki karɓa ko ba za ki sha ba. Sannan kada ki sake cewa yaya jiki. Ki ce me ta ci tun safe? Ludayi nawa? Jiya ta taka ƙasa da ƙafarta? Ta yi wasa? Ba uwar da za ta ce ɗanta ya tsananta, amma za ta ce miki ludayi biyu ya sha. Kuma ki sa a sauke yaro daga baya, ko yana barci. Ta cika shafi huɗu. Ta ce da ta koma za a gyara takardar. Na yarda har zuciyata.

Damina ta zagayo, sai ga wasu sababbin ɗalibai. Majo ya ce tunda ina karatu, in riƙa raka su gida-gida. Suka miƙo mini takardar in gani. Ya warke, da sauƙi, ya tsananta. Ko ɗigo ba a taɓa ba.

Na tambayi babban da ya kawo su. Mutum ne mai haƙuri, ya zauna ya yi mini bayani. Ya ce an kai maganar, kowa ya yarda gaskiya ce. Amma ba a canja takarda sai manyan makarantun biyu sun zauna sun sa hannu, kuma in an canja, lissafin bana ba zai haɗu da na bara ba. Na ce to, Allah Ya sa su zauna.

Haka na zama gyaran takardar, ni da ƙafafuna. Duk damina sababbin fuskoki, kowa da ɗan kayensa, kowa da "ina kwana, ina gajiya". Ranar farko in kai su gidan wata tsohuwa, in sa su cire takalmi, in ba su labarin kwanon ruwa. Su girgiza kai, su rubuta. Mako shida suke yi. Lokacin da mutum ya fara gane cewa shirun mace ma amsa ce, sai a zo a ɗauke shi. Baɗi wani ya zo mu koma farko. Daga baya suka bar takarda suka koma latsa waya, na ce to an zauna ke nan. Na leƙa: gida uku ne dai, sun koma cikin gilashi.

Ba butulci nake yi ba. Motar nan ta kai yara da yawa Tawa, wasu yanzu sun yi aure. Ɗaliban kuma ba wanda ya taɓa raina ni. Gajiya ce kawai irin ta mai faɗin magana ɗaya shekara da shekaru, kowa ya ce gaskiya ne, kuma ba ta zauna ko'ina ba sai a bakinsa. Wata damina ba su zo ba. Ba wanda ya ce mana an gama, sai dai muka ga ciyawa ta rufe inda motar take tsayawa.

Da daɗewa na daina neman mai laifi. 'Yar anasara ta tambaya yadda aka koya mata, ni na amsa yadda aka tarbiyyantar da ni, 'yata ce ta kusa biya. Abin da bai bar ni ba shi ne taku goman nan. Har yau in na ɗauki kwanon ruwa zan kai wa baƙo, sai in ji ina sauri.

Kuma kada ku ɗauka na daina. Kwanakin baya gwiwa ta kwantar da ni, ko bayi ba na zuwa sai da dafa bango. Wannan ɗiyar tawa, wadda yanzu ta fi ni tsawo, ta dawo daga makaranta ta leƙo ɗaki.

"Inna, yaya jikin?"

Na ce, "Da sauƙi."

Ta ajiye jaka, ta cire takalmi, ta zauna bakin tabarmata.

"To, mun gaisa. Mi kinka ci tun safe?"