Adda Nasiha da Ramuwar Lahadi

Shekara goma sha ɗaya rumfata tana manne da ta Adda Nasiha a babbar kasuwar Garuwa. Ita man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take sayarwa, ni kuma kayan miya. Sunana Françoise, amma bakin Adda bai taɓa iya shi ba, sai ta ce Faransa, har duk layinmu suka ɗauka. Ni 'yar Mundang ce, iyayena daga Kaele suka zo, sai dai a cikin Hausawa na tashi, shi ya sa in raina ya ɓaci da Hausa nake masifa. Kuma raina yana saurin ɓaci, wannan kowa ya sani.

Ita Adda Bahaushiya ce gaba da baya. Kakanta daga ƙasar Katsina ya zo da fatauci ya zauna, har yau danginta ne ke riƙe da wasu shagunan atamfa a gari. Mace ce doguwa, marar yawan magana, mai tsabta kamar me. In ta ce za ta yi abu, to ki ɗauka an gama.

Tana da shekara arba'in da tara ta karɓi Yesu. Mijinta Shu'aibu, direban motar auduga, ya kwanta a asibiti wata uku kafin ya rasu. A gadon da ke kusa da nasa akwai wani tsoho, matarsa Mama Léontine ce ke jinyarsa, dattijuwa ce a zumuntar matan majami'armu. Tsohon ya riga Shu'aibu tafiya. Aka yi jana'iza, aka share makoki, sai ga Mama Léontine ta dawo asibitin da kwanon abinci, wai ta san Nasiha ba ta da mai karɓarta. Haka ta yi ta zuwa kullum har ranar da Shu'aibu ya cika. A nan hira ta fara, daga hira aka kai ga karatu, bayan shekara ɗaya aka yi wa Adda baftisma.

Ba a sha da daɗi ba a gidansu, ba sai na faɗa ba. Yayanta, Alhaji Hanzala, mutum ne mai ilimi, mai kamun kai. Bai zage ta ba, bai ɗaga mata hannu ba. Ɗauke ƙafa kawai ya yi. Ta ce da ni wannan shirun ya fi mata duka ciwo.

To, tun daga baftismar nan Adda ta zama abin misali a majami'a. Mu ran Lahadi sujada huɗu ake yi, don kowa ya ji da bakinsa: ta Faransanci da sassafe, sai ta Fillanci, sai tamu ta Mundang, ta Hausa kuma da la'asar. Kowa yakan zo tasa ya tafi gida. Adda kuwa duk huɗun take zama, daga safe har yamma, da 'yar gorar ruwanta a gefe. Fillanci dai tana ji. Faransanci sai gaisuwa da lissafin kasuwa. Mundang kuwa ko "zo ka kashe ni" ba ta sani ba, amma za ki gan ta a layin gaba ta natsu kamar ita ta rubuta wa'azin.

Nakan tsokane ta in ce, "Adda, yau me fasto ya ce a tamu?"

Sai ta ce, "Allah ya ji, Faransa."

Fasto har kan bagade ya ambace ta, wai mu da aka haifa a cikin bangaskiya mu ji kunya. Ni kam na ji kunyar, har da ɗan haushi. Babu wanda ya taɓa tambayarta dalili, har ni da ke zaune kusa da ita kwana shida a mako.

A shekara ta uku maƙoƙo ya fito mata a wuya. Da farko ɗan ƙarami ne, tana rufe shi da mayafi. Kafin damina ta wuce ya yi girman mangwaro. Muryarta ta dushe, in ta ɗaga jarkar mai sai ta tsaya tana haki. Da ƙyar na ja ta zuwa wurin likita. Ya duba, ya sa aka ɗauki hoto, ya ce abin yana danne mata hanyar numfashi, dole a yi aiki, kuma kada ya wuce wata biyu. Ya rubuta mana takarda zuwa wani asibiti a Ngawundere.

Ranar tafiya ta zo, Adda ta ce ba ta shirya ba. Aka sake ba mu wata rana, ta ce sai an kwana biyu. Kai, ranar na yi masifa har masu tumatir suka taru! Na ce, "Adda, so kike ki mutu a gabana in rasa abin da zan gaya wa 'ya'yanki?" Na ce in tsoron wuƙa ne, ai barci za a sa ta. Ta dube ni kawai ta ce, "Barcin nake tsoro."

Ashe labari ya kai kunnen Alhaji Hanzala. Wata Talata da hantsi ina tsinke yakuwa, sai na ga inuwar babbar riga a kaina. Adda ba ta fito ba ranar, jiki ya hana. Alhajin ne da kansa, ko gaisuwata bai bari na ƙarasa ba.

"Ke ce Faransa?"

Na ce ni ce, Alhaji.

"An ce ƙanwata ta ƙi zuwa a yi mata aiki. Na aika matata ta tambaye ta, ta ce addini ne ya hana ta. Wane irin addini ne wannan naku da zai hana mutum magani?"

Nan fa na miƙe tsaye. Na ce, "Alhaji, da girmanka, kada ka ɗora mana abin da ba mu ce ba. Asibitin da za a kai ta ma na mishan ne!" Ya ce to in zo mu je mu ji daga bakinta. Na ce sai dai mu biya mu ɗauki Mama Léontine, don ni in na shiga ni kaɗai faɗa za a yi.

Muka same ta a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, ta jingina da bango. Da ta ga yayanta sai ta yunƙura za ta durƙusa. Ya ce ta zauna. Shekara uku rabonsa da gidan. Ya ga wuyanta, na ga ya kawar da kai.

"Nasiha, gaya mini abin da ya hana ki."

Ta ce, "Yaya, ramuwa nake yi. Ban gama ba."

Na ce, "Ramuwar me?"

"Ta Lahadi. Duk Lahadin da ta wuce ni ban yi sujada ba. In na zauna huɗu, ɗaya ta ranar ce, uku na ramuwa. Na rage sama da ɗari huɗu. Saura dubu ɗaya da ɗari biyar ba kaɗan. In aka sa ni barcin nan ban farka ba, da wane ido zan dubi Yesu?"

Tirƙashi! Wato duk zaman nan da muke yabo, baiwar Allah a cikin tsoro take yinsa. A gidan da ta tashi, in ibada ta kuɓuce wa mutum sai ya rama, ba wasa. Da wannan tarbiyyar ta shigo wurinmu, mu kuma muka yi ta tafa mata.

Alhaji ya girgiza kai. Ya ce, "Nasiha, ko a wurinmu, wanda ya shigo sabo ba a ce ya rama abin da ya wuce kafin shigowarsa. Kin sani sarai. In su sun ce sai kin rama, to sun fi mu tsanani."

Ta ce, "Ba su ce ba, Yaya. Amma wannan ai ga wanda bai sani ba ne. Ni na sani."

Sai ta ba mu labarin da ba ta taɓa ba kowa ba. Tana 'yar shekara goma sha biyu, an aike ta kai saƙo, ta bi ta bayan wata majami'a ta ji ana waƙa, ta tsaya jikin taga. Wata mata ta fito ta gan ta, ta ce da ita Yesu ya mutu dominta ita ma. Ta ce a take zuciyarta ta gaya mata gaskiya ne. Tsoro ya kama ta, ta ruga gida, ta binne maganar shekara talatin da bakwai.

"Na ji kira na ƙi amsawa," in ji ta. "Daga ranar nake ƙirgawa."

Ni dai bakina bai iya shiru ba. Na ce, "Haba Adda! Ni tun ina jaririya aka yi mini baftisma, watan jiya kaɗai sau biyu na ƙi zuwa don wanki ya taru. In ramuwa ake yi, ai ni sai in ƙaura majami'a da tabarmata!" Ba wanda ya yi dariya. Mama Léontine ta ɗaga mini hannu, na koma na zauna.

Tsohuwar ta matsa kusa da ita. Hausarta ta kasuwa ce, tana haɗawa da Fillanci, amma ana ganewa.

"Nasiha, kin tuna a asibiti? In na kawo miki abinci, ba kya mayar mini da kwano wayam. Yau sukari, gobe sabulu. Rannan kika rasa abin sawa, me kika yi?"

Adda ta sunkuyar da kai. "Na ɓoye kwanon ƙarƙashin gado. Kwana uku."

"Na daina zuwa?"

"A'a. Da wani kwanon kika zo."

"Ni mutum ke nan, mai mantuwa, mai fushi. Ke kina ganin Yesu ya ba da ransa a kan gicciye, sa'an nan ya koma gefe yana jira ya ga abin da za ki saka masa a kwano? Shekarun nan talatin da bakwai ya san da su tun kafin ki zo. Da su ya karɓe ki. Ranar da kika ba da gaskiya, ƙin da kika yi ma yana cikin abin da aka gafarta. Sujada kuwa ba fansa ba ce, 'yata. Ziyara ce wurin wanda ya riga ya fanshe ki."

Adda ta fashe da kuka, numfashinta yana sarƙewa, har na tsorata na kawo ruwa. Da ta lafa ta ce, "Mama, kunnena ya ji. Zuciyata ba ta yarda ba tukuna."

"Ba komai. Ki fara tafiya, za ta biyo ki."

Alhaji ya miƙe. Da zai fita dai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ni ban yarda da hanyar da kika bi ba, Nasiha, kin sani. Amma ran da za a tafi, da motata za a tafi."

Kada a ce abin ya warware a rana ɗaya, ƙarya ne. Lahadin da ta biyo baya Mama ta ce sujada ɗaya tak Adda za ta yi, ta Hausa. Ni aka sa gadi. Tun safe na je gidanta da tiren gyaɗa muka zauna ɓara. Duk sa'ad da ƙararrawa ta kaɗa sai in ga hannunta ya tsaya, idonta na kan mayafi. Sau biyu tana miƙewa ina cewa, "Adda, zauna, gyaɗar nan ba za ta ɓare kanta ba." Ta harare ni, ta ce ni fitinanniya ce. Amma ta zauna. Da la'asar muka tafi tare, kuma a ranar na fara jin muryarta a cikin waƙa, a dushe, tana bin baiti ɗaya tana hutawa.

Ran Laraba muka kama hanya, Alhaji a gaba da direbansa, ni da ita a baya. Da muka hau tudun nan na kusa da Ngawundere iska ta yi sanyi, na lulluɓa mata zani. Ran Juma'a da safe aka zo da gadon turawa. Ta kama hannuna ta ce, "Faransa, har yanzu ina jin tsoro. Amma na wuƙa ne kawai." Na ce wannan kam kowa ma yana ji.

Awa huɗu muna zaune a baranda. Alhaji yana can ƙarshen benci da carbinsa, ni ina nan ina tawa addu'ar. Da likita ya fito ya ce an cire maƙoƙon, lafiya lau, sai na ɗaga hannu ina gode wa Allah. Alhaji ya ce alhamdu lillahi ya fi sau goma, yana share ido da hannun riga, wai ƙura ce ta shiga.

Kwana biyu bayan aikin, da safe, ina zaune gefen gadonta ina fifita mata kunu. Wuyan yana naɗe da bandeji, magana sai a hankali. Sai ƙararrawar majami'ar asibitin ta fara kaɗawa. Na ajiye kofin, na shirya faɗa, don na san halin kayana, tana iya cewa in kama ta mu tafi da robar ƙarin ruwa a hannu.

Ta buɗe ido. "Faransa, yau wace rana?"

Na ce, "Lahadi, Adda."

Ta saurara har ƙararrawar ta tsaya. Sa'an nan ta ce, "Je ki kawai. Ki gaishe su. Ni barci nake ji."

Ta gyara kwanciya, ta ja zani. Ban je ko'ina ba. Ina nan zaune kunun ya huce a kofi, hawaye yana zubo mini, ita kuwa har da munshari.