Awa Ɗaya Daga Katsina Zuwa Abuja

Yau Laraba. Kumburin ƙafata ya ɗan sace, amma tarin yana nan.

Ina zaune a zaure da hantsi jirgi ya wuce can sama, ya nufi kudu. Na bi shi da ido har ya ɓace.

Bara da ƙanena ya kwanta asibiti a Abuja, ɗiyarsa Rabi ta kira ni.

"Baba, kai yake ta nema. Ka je Katsina ka hau jirgi, awa ɗaya ka iso."

Ni da na tsufa ina koyar da labarin ƙasa, sai na ɗauko tsohuwar taswirata da rula. Na ce, "Rabi, daga Faskari in yi awa uku zuwa arewa, don in dawo kudu ta saman gidana? Wane irin lissafi ke nan?"

Ta ce, "Baba, ba jarrabawa ba ce. Ka taho kawai."

Na ƙi. Na jira motar maƙwabcina da zai tafi bayan kwana biyu. Muna Kaduna aka ce min ƙanena ya rasu.

A taswira ni ke da gaskiya. Amma da na bi maganarta, da na same shi da rai.

Tun lokacin, gaisuwa kawai ke haɗa mu a waya. Makon jiya ta ce za ta biyo yau in ta zo Funtua. Na sa an dama fura. Ga shi an yi la'asar, ba ta zo ba.

Jama'a, in kira ta in ba ta haƙuri, ko in ƙara jira?