Laifin Direba Ne

Dogo direba ne, irin wanda ko kofin ruwa ka riƙe a bayan motarsa ba zai zube ba. Ƙuruciyarsa kaf a tuƙa wani mawaƙi da ake ji da shi ta ƙare. Mawaƙin akwai murya, amma kunnen ƙashi ne da shi. Yau ya ƙwace sitiyari ya daki katangar mutane, gobe ya shari barci ya bar 'yan kallo suna jira.

Akwai wani mai kwat da tumbi da mawaƙin ya ɗauka don wanke masa suna a idon jama'a. Da abu ya ɓaci sai ya gyara wuyan riga, ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce, "Ai laifin direba ne." Dogo na gefe da tsumman goge gilashi, sai ya haɗiye. Akwai iyali a gida.

A gidan kuwa abin dariya yake mai da shi. Ya cusa matashi a cikin riga, ya riƙe ludayi kamar makirufo, yana kwaikwayon mai kwat. Matarsa ta ce, "Kai dai Allah ya shirya ka, ana zubar maka da mutunci kana wasa." Babbar 'yarsa kuwa har birgima take yi a ƙasa, ko da yake a makaranta ana yi mata gorin mahaifinta. Daga ƙarshe wata badaƙala ta fi ƙarfin wanki, aka sallami Dogo a gaban kyamara. Ya koma tuƙin tasi.

Yarinyar ta girma, ta sami aikin rubutu a gidan talabijin. Wata rana ta durƙusa gabansa ta ce, "Baba, na rubuta wasan barkwanci a kan ofishin masu wanke sunan taurari. Akwai direba a ciki."

Ya ɓata rai. "Tonon silili za ki yi mini?"

"Ka dai kalla, Baba. In bai yi maka ba, ni da kaina zan cire shi."

Ranar da aka fara nunawa ya zauna a bakin kujera, hannu a kan rimot. Sai ga wani tauraro ya faɗa kwata a gaban jama'a, ma'aikatan ofis suna ta kai-komo, shugabansu na gumi yana neman wanda zai ɗora wa. Direban cikin wasan ya leƙo ta taga ya ce, "Yallaɓai, yau ina hutu fa." Dogo ya tuntsure da dariya har hawaye suka zubo, daga nan kuma hawayen suka ƙi tsayawa. Matarsa ta miƙa masa gefen mayafinta.

Washegari a tasha abokan aikinsa suka yi masa caa. Wani tsoho a cikinsu ya kama hannunsa ya ce, "Ashe duk shekarun nan kai ake zalunta? Ka yafe mana, mun yi da kai."

Yanzu shi ke tuƙa motar ma'aikatan shirin. Ba ya gajiya da sa wa 'yarsa albarka, ko a gaban wa. In ta shigo da safe da tarin takardunta, 'yan wasa suna ce mata shugaba, shi kuwa sai ya dube ta ya ce, "Kin karya kuwa, uwata?"