Shanun Ƙarfen Makau

A da, a kasuwar Anka, in ka tambayi mai gyaran rediyo, Makau za a nuna maka. Mutumin Gwashi ne, ya tashi yana ƙera shanu da laka a bakin rafi shi da abokinsa Sanda, ɗan Fulanin da ke zaune bayan gonarsu. Da ya girma ya koma gari, Sanda kuma ya bi garke ya yi kudu.

Makau ba ya yar da lasifikar da ta mutu. Sai ya ciro mayen ƙarfen da ke bayanta, ya zuba masa 'ya'yan boris na tsohon keke, yana ɗora su ɗaya kan ɗaya har su yi kamar rumbu. Masu jiran gyara kan manta da rediyonsu su tsaya kallo. Da haƙar zinariya ta buɗe, masu wanke ƙasa suka kwashe mayen ƙarfen duka don tsame baƙin yashi. Daga baya waya ta shigo, rediyo ya daina zuwa, ya rufe rumfa ya zauna gida.

Wata Sallah, ɗiyarsa Basira da ke aiki a Gusau ta kawo masa ƙaramin gwangwani cike da ƙananan ƙwallayen ƙarfe masu manne wa juna.

"Wanga abu na yara na," in ji shi.

"Baba, taɓa dai ka ji."

Ya taɓa, suka bi yatsansa kamar tururuwa. Kafin ta koma ya gina rumbu, ya rushe, ya yi tulu, ya yi hasumiyar masallaci. Saniya ce kawai ta gagare shi.

Rannan da hantsi wani tsoho ya yi sallama a zaure, siriri, ba sanda ba garke. Sai da ya yi dariya Makau ya gane Sanda ne. Shanunsa sun ƙare tuntuni, ya dawo wurin 'ya'yansa. Bayan doguwar gaisuwa idonsa ya faɗa kan tabarma.

"Mi na na wanga?"

"Saniya ta."

"Subhanallahi! Wagga ko akuya ba ta kai ba. Ina tozon?"

Sanda ya zauna, ya jawo gwangwanin. Yana ta ɗorawa har tozo ya fito, ƙaho ya lanƙwasa yadda ya kamata. Ya kira ta da sunan farar saniyar mahaifinsa, yana shafa bayanta da yatsa. Makau ya kau da kai yana gyara ƙafar baya.

Ƙwallayen ba su isa yin biyu ba, don haka kullum sai su rushe ta su yi wata. Har yau duk ranar kasuwa Sanda yakan zo, su zauna suna gardamar wadda ta fi nono a garken da babu shi.